Kamioka: Tankin da ya kama nutirino yana sauya kama

A shekarar 1983, a cikin ramin haƙar ma'adinai na Kamioka da ke lardin Gifu a Japan, mita 1,000 ƙarƙashin dutse, Farfesa Masatoshi Koshiba da ɗalibansa suka cika wani tanki da tan 3,000 na tataccen ruwa. Ruɓewar furoton suka shiga nema. Ba su gani ba, har yau ma babu wanda ya gani.

Sai ga baƙon da ba a gayyata ba: nutirino, ƙwayar da ke ratsa mutum da dutse da duniya sukutum ba tare da ta taɓa komai ba, sai ɗaya cikin ɗimbinsu. Wasu a sama ake haifar su, idan ƙwayoyi masu gudu daga samaniya suka bugi iska. Lissafi ya ce a cikinsu nutirino nau'in muwon zai ninka nau'in ilaktiron sau biyu, amma a 1988 matashi Takaaki Kajita ya ƙirga ya ga giɓi. Na muwon sun yi ƙaranci.

Ƙaramin tanki ba zai raba gardama ba. A 1991 aka fara tonon Super-Kamiokande, ya fara aiki ran 1 ga Afrilu 1996 ƙarƙashin jagorancin Yoji Totsuka. Ruwansa tan 50,000 ne, wato jarka miliyan biyu masu cin lita 25, ga idanun gilashi sama da 11,000 jere a bango suna dakon ɗan walƙiyar da ke fita in nutirino ya yi karo da ruwa.

A taron Takayama na watan Yuni 1998 Kajita ya bayyana sakamako. Nutirinon muwon da suka sauko daga sama sun cika, waɗanda suka ɓullo ta ƙasa bayan sun keta duniya kuwa kusan rabi sun ɓace. Rikiɗa suka yi a hanya zuwa wani nau'i, kuma abin da ba shi da nauyi ba ya rikiɗa haka, ke nan nutirino yana da nauyi.

A Nuwamba 2001 ido ɗaya ya fashe, girgizarsa ta tarwatsa fiye da rabin sauran. Aka sake ɗaura ɗamara aka gyara.

Koshiba ya karɓi kyautar Nobel a 2002, Kajita a 2015 tare da Arthur McDonald na Kanada. Totsuka bai ga ranar Kajita ba, ya rasu a 2008. Yanzu ana gina Hyper-Kamiokande a wani dutse na kusa, mai cin tan 260,000.