Ruwan Gusau: Wa Ke Sha, Wa Ke Biya?

Gusau ta girma ne a bakin Gulbin Sakkwato. Da jirgin ƙasa ya iso, masu cinikin auduga da gyaɗa suka cika gari, rijiyoyin gida suka kasa. Daga baya gwamnati ta tare gulbin da dam, aka ja famfo. A 1996 Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara, unguwanni suka bazu inda bututu bai taɓa kaiwa ba. A Satumba 2006 dam ɗin ya ɓalle bayan mamakon ruwa, ya ci rayuka da gidaje.

Yau talakan bayan gari, har da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, 'yan ga-ruwa yake jira, ya saya jarka-jarka, ya biya fiye da mai famfo a gida.

'Yan'uwa masu hidima, majami'unmu da dama sun haƙa burtsatse. A Farawa 26 makiyayan Gerar sun ja da Ishaku kan rijiya, ya matsa ya haƙa wata. Mu kuwa makullin famfo na hannun dattawan ikilisiya, mai jira a ƙofa da rani kuma sau da yawa maƙwabcinmu ne Musulmi.