Yarjejeniyar Tsaro Tsakanin Nijeriya da Ingila: Shawarar da Aka Yanke a Ɓoye

A cikin shekarar 1958 shugabannin Nijeriya suka hallara a London don taron tsarin mulki, wanda a nan ne aka tsai da ranar 1 ga Oktoba, 1960, ta zama ranar samun mulkin kai. Wannan labari ya game ƙasa. Amma akwai wata magana da aka yi a gefen taron wadda jama'a ba su ji ɗuriyarta ba. Ministan Tsaron Ingila, Duncan Sandys, ya gabatar da sharuɗɗan wata yarjejeniyar tsaro ga Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyoyin jihohi uku, wato Sardaunan Sakkwato da Dokta Azikiwe da Cif Awolowo, suka kuwa amince.

Dalilin Ingila ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan rikicin Suwes na 1956, wucewar jiragen saman sojanta ta Gabas ta Tsakiya ta yi wuya, saboda haka tana bukatar wata hanya zuwa Kenya da Adan. Kano ce mahaɗar da ta dace. Sharuɗɗan farko sun tanadi a ba Ingila aron fili a Kano, da izinin ratsa sararin samaniyar Nijeriya da sauka a filayen jiragenta. Ita kuma za ta horad da sojan Nijeriya, ta taimaka da kayan yaƙi. Mutanen Kano, waɗanda a ƙasarsu za a yanki filin, ba wanda ya shawarce su.

Idan rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta. Bayan zaɓen 1959 Cif Awolowo ya zama Shugaban Hamayya a Majalisar Wakilai, a 1960 kuwa ya fasa ƙwai, yana mai cewa Turawa sun matsa musu ne, sun ɗaura maganar da samun 'yanci. Kafin a kawo yarjejeniyar gaban Majalisa a watan Nuwamba na 1960, an riga an soke maganar filin Kano. Duk da haka zukata ba su kwanta ba, domin wanda aka ɓoye wa farkon zance ba shi da dalilin gaskata ƙarshensa. Majalisa ta amince, amma ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi ɗango zuwa Ikko, suka kutsa harabar Majalisa, sai da 'yan sanda suka tarwatsa su. Ƙungiyoyin ƙwadago da jaridu suka ci gaba da suka, wasu ƙasashen Afirka kuma suna yi wa Nijeriya kallon 'yar amshin shatan Ingila. A watan Janairu na 1962, ana gab da taron shugabannin Afirka a Ikko, gwamnatocin biyu suka soke yarjejeniyar.

Abin lura a nan shi ne, gwamnati ba ta rasa hujja ba. Ƙasa sabuwa mai ƙaramar runduna tana bukatar horo da makamai, kuma da an faɗi haka a fili tun 1958, da an yi muhawara a kan amfanin abin da illarsa. Ɓoyewar ce ta mai da muhawarar ta koma a kan amana, a nan kuwa gwamnati ta sha kaye.

Darasin bai shiga da wuri ba. A wannan shekara ta 1962 aka kafa Dokar Asirin Gwamnati, wadda ta tanadi ɗauri har na shekara 14 ga mai fid da takardar da aka hatimce da sunan asiri. Sai a 2011 aka sami Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda ta wajabta wa ma'aikatu amsa mai tambaya cikin kwana 7. Lalle kowace gwamnati tana da asirin da ya cancanci tsarewa, kamar shirin yaƙi. Amma shawarar da za ta ɗaure ƙasa baki ɗaya ba ta cikin wannan aji. Ma'aikacin da ke riƙe da hatimin asiri ya kamata ya tambayi kansa, kafin ya buga shi, ko ƙasa yake karewa ko kuwa kunyar wani babba.