Ƙafar Mota Tsakanin Ado da Ɗaukar Kaya

Kanikawa suna kiran dukan ƙarafan da ke tsakanin taya da gangar jikin mota da suna ƙafa, kuma tsayin da ƙafar take ba mota daga ƙasa al'amari ne da kowace al'umma ta daidaita shi gwargwadon hanyoyinta. Motar Volkswagen da aka fi sani da Kombi, wadda aka fara ƙerawa a Wolfsburg ta Jamus a 1950, kuma kamfanin Westfalia ya riƙa mayar da ita ɗakin kwanan matafiya tun daga 1951, ba ta da naɗaɗɗen sifirin a gaba. Abin da take da shi bututu biyu ne a gicciye, kowanne da damin siraran ƙarafa a cikinsa, waɗanda suke murɗewa idan taya ta faɗa rami, sannan su warware. Masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka sukan yanke tsakiyar bututun, su yi waldar wani ƙarfe da zai juya damin, gaban motar ya sauko dab da ƙasa domin ado, ko da yake hakan yana rage wa taya filin motsi.

A ƙasar Maraɗi kuwa, tarihin gyaran ƙafar mota ya bi akasin haka. Cinikin gyaɗa na shekarun 1950 da 1960 ne ya yawaita manyan motoci a yankin, sannan a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, abin da ya sauƙaƙa wa kanikawan iyaka samun kayan gyara. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa Gidan Rumji da Agye da Gazawa, amma da zarar direba ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan Cadakori da makamantansu, sai ya tarar da rairayi wanda tayoyi suka haƙe gefensa biyu suka bar tudu a tsakiya, inda gajeriyar mota take kafewa a kan cikinta.

Saboda haka bakanike ya koyi ɗaga mota da ƙarfafa ta, musamman akori-kura, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda ake lafta wa buhunan gero da aya da mutane a ranar kasuwa. Yakan kwance damin sifirin na baya, ya ƙara masa falle daga wata matacciyar mota, kuma idan fallayen sun miƙe saboda nauyi, ya ɗora su a kan maƙera ya yi ta duka har su sake tanƙwara, aikin da ya fi kusa da ƙirar gargajiya.

An daina ƙera Kombi a Burazil a Disamba 2013, ta koma abin marmari ga masu tara tsofaffin motoci. A garejin ƙasar Maraɗi har yau ana auna ƙafar mota ne da yawan buhunan da za ta iya fitarwa daga rairayi.