Taƙaitaccen Tarihin Kwalejin St. John's, Kaduna

Da kwamitin jubili ya roƙe mu mu rubuta wani abu a kan makarantun da suka goyi dattawan wannan ikkilisiya, sai muka ɗauki Kwalejin St. John's, wadda yaran yanzu suka sani da suna Kwalejin Rimi. Makarantar Katolika ce, mu kuwa ba Katolika ba ne. Amma yaba kyauta tukuici, gama 'ya'yanmu ma sun ci daga wannan akushi.

Fadan-fadan ƙungiyar SMA, waɗanda yawancinsu mutanen ƙasar Ailan ne, su suka buɗe ta a shekara ta 1949, domin yara maza. A lokacin Fada John McCarthy ne shugaban aikin Katolika a yankin Kaduna, shi ne kuma ya zama Babban Bishop na fari a 1959. Sai mu tuna yadda Arewa take a kwanakin nan. Turawan mulki ba su sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakuna ba. Amma Kaduna sabon gari ne na gwamnati da jirgin ƙasa, cike da ma'aikata daga kowace kusurwa, 'ya'yansu kuwa suna gama firamare ba wurin ci gaba. A wannan shekara ta 1949 ne kuma aka kwashe kwalejin gwamnati daga Kaduna zuwa Zariya, wato wadda ake kira Barewa yanzu. Saboda haka ƙofar da Fadan-fadan suka buɗe ba ƙarama ba ce.

Cikin tsofaffin ɗalibanta akwai wanda ba a ambatarsa sai zuciya ta yi nauyi, wato Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu. A Kaduna aka haife shi a 1937, iyayensa mutanen Okpanam ne kusa da Asaba, Hausa kuwa a bakinsa kamar ɗan gari. Ya shiga soja a 1957, ya yi horo a Ingila. A daren 15 ga Janairu 1966 shi ne ya jagoranci sojojin da suka faɗa gidan Firimiya, aka kashe Sardauna Sir Ahmadu Bello. Manjo Christian Anuforo, wanda yake cikin masu juyin mulkin a Legas, shi ma ɗan St. John's ne. Ba za mu ɓoye wannan ba don muna biki. An ce Nzeogwu ba ya wasa da zuwa sujada, duk da haka ya zub da jini, jinin kuwa ya jawo wani jinin. A cikin shekarar aka yi kashe-kashe a garuruwan Arewa, iyalai da yawa suka bar Kaduna, aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Shi kansa ya mutu a bakin daga kusa da Nsukka a Yuli 1967, aka kawo gawarsa aka binne a makabartar sojoji ta Kaduna.

Bayan yaƙi sai gwamnatoci suka soma karɓe makarantun mishan. A 1972, zamanin Gwamna Abba Kyari na Jihar Arewa ta Tsakiya, aka karɓi St. John's aka sa mata suna Rimi. Haka Queen of Apostles ta 'yan mata a Kakuri ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Anglika a Zariya ta koma Kufena. Hujjar gwamnati ita ce ilimi ya zama ɗaya ga kowa, ba bambancin addini ko kabila. Hujja ce mai kyau a takarda. Amma a ganinmu an karɓi gini da fili, ba a karɓi horon da ke cikinsu ba, gama wanda ya bar ƙasarsa domin kira ba ɗaya yake da wanda aka turo da takardar canjin wurin aiki ba.

Wani tsohon ɗalibin shi ne Patrick Ibrahim Yakowa, haifaffen Fadan Kagoma a 1948. Daga St. Mary's ta Fadan Kaje ya zo St. John's, ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1972. Ya daɗe yana aikin gwamnati, ya zama mataimakin gwamna a 2005. A Mayu 2010, da aka ɗaga Namadi Sambo zuwa mataimakin shugaban ƙasa, aka rantsar da shi gwamna, Kirista na fari da ya hau wannan kujera ta farar hula a Jihar Kaduna, ya kuma ci zaɓe a 2011. Da yawa cikinmu sun sa rai a zamaninsa za a mayar wa ikkilisiyoyi makarantunsu. Ubangiji ya kira shi ran 15 ga Disamba 2012, cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa, makarantar da ta goye shi kuwa tana hannun gwamnati har wa yau.