Tsuntsaye Masu Cin Ƙwari da Itatuwan Ƙaya a Ƙasar Dakoro

Da kaka, lokacin da ake girbin gero, wasu ƙananan tsuntsaye kan sauka a ƙasar Dakoro bayan sun ƙetaro Sahara daga Turai. Cikinsu akwai mai farin maƙogwaro da masana ke kira Curruca communis, wanda nauyinsa bai wuce kimanin giram 15 ba. Bakinsa siriri ne kamar tsinke, ya sha bamban da kakkauran bakin jan-baki mai ɓarnar hatsi. Tsutsa da ƙananan ƙwari yake tsinta a tsakanin ganye, har zuwa watan Maris ko Afrilu da zai koma arewa.

Rayuwarsa a Sahel take ɗaure. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar wajen kashi uku cikin huɗu na wannan tsuntsu bai dawo ba, kuma bincike ya danganta asarar da ƙarancin ruwan sama a Sahel a 1968, farkon farin da ya halaka dukiyar makiyaya a 1973.

Ba kowane icce ne ke riƙe waɗannan tsuntsaye ba. Ƙirgar da Leo Zwarts da abokan aikinsa daga Holand suka yi icce bayan icce a faɗin Sahel ta nuna cewa baƙin tsuntsayen sun fi taruwa a kan masu ƙaya: gawo, kandili da aduwa. Dalilin yana cikin ganyen. Iccen da ƙaya ke kare shi daga bakin raƙumi da akuya bai cika zuba ɗaci a ganyensa ba, don haka ƙwari ke samun abin ci. Gawo kuma yana da wata baiwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar ya yi fure, daidai lokacin da baƙin ke nan. Dogon yaro, duk da inuwarsa mai daɗi a bakin kasuwa da harabar makaranta, ganyensa na korar ƙwari, tsuntsu kuwa ba ya zama inda babu abinci.

Saboda haka kuskure ne a auna farfaɗowar daji da yawan dashe kawai. Sassaben zamani, wanda ya bazu daga yankin Maradi tun shekarun 1980, ya fi dacewa, domin manomi kan bar tohon kututturen da ke gonarsa, ya rage rassa, ya bar biyu ko uku su miƙe. Abin da ke tohowa ɗan ƙasa ne.

Barazanar da ta rage ita ce sarar rassa. A kwarin Tarka, inda gona ke ta cin makiyaya, idan ciyawa ta ƙare a tsakiyar rani makiyayi kan hau gawo da gatari ya sauke wa dabbobi ganye. Iccen da aka yi wa ƙwal yakan ɗauki shekaru kafin ya sake fure da 'ya'ya sosai, kuma saran na faɗowa ne a makonnin da tsuntsun ke tara kitsen da zai ƙetare hamada da shi.