Tarayyar Abokai a Sana'ar Hannu: Daga Zaure zuwa Filin Baje Koli na Rigachikun

Haɗuwar abokai su yi sana'ar hannu tare tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, amma haɗuwar da aka sani a da ta sha bamban da wadda ake gani yau. A da, abin da masu sana'a suke tarayya a kai shi ne wurin zama, da aron kayan aiki, da hanyar kasuwa. Jari da riba kuwa kowa da nasa. Zuba kuɗi a asusu ɗaya, a yi aiki, sannan a raba riba, abu ne da ya yaɗu a baya-bayan nan. Rigachikun, garin da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya a Ƙaramar Hukumar Igabi, wuri ne mai kyau na bin sawun wannan sauyi, domin yana tsakanin Zariya, tsohon birnin masu sana'a, da Kaduna, sabon birnin ma'aikata, kuma a nan ne filin baje kolin Kaduna yake.

Manyan sana'o'in gargajiya gado ne. Maƙeri ɗan maƙeri ne, haka wanzami da majemi, kuma kowace ƙungiya tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Aska, wanda yake tsakaninta da fada. A irin waɗannan sana'o'i abokin aikin mutum ubansa ne ko wansa ko yaron gidansu, saboda haka abota ba ta da wani babban gurbi. Inda abota ta sami wuri shi ne sana'o'in da ƙofarsu take buɗe ga kowa: ɗinkin hula, ɗinkin riga, saƙar tabarma, tufkar igiya. Waɗannan aikin rani ne, ana kama su bayan an kai amfanin gona gida. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950 ya kuma wallafa littafinsa kan tattalin arzikin Hausawan Zariya a 1955, ya nuna cewa manomi da yawa yana da wata sana'a ko ɗan kasuwanci a gefe. Samari da almajirai sukan taru a zaure ko gindin bishiya, kowa da allurarsa da zarensa, ana hira ana ɗinki. Wanda zarensa ya ƙare sai ya ara, wanda bai iya wani zane ba sai a nuna masa, wanda zai je kasuwa sai ya tafi da hulunan sauran. In ya dawo, kowa za a ba shi kuɗin hularsa daidai.

Ko a marina, inda aikin ya fi girma, tsarin bai canza ba. Marina da yawa suna aiki a karofi ɗaya, amma kowane rami da mai shi, kuma kowa shi ke sayen babansa da tokarsa. Mabuga suna zama fuska da fuska suna bugu tare a kan gungume ɗaya, ana biyansu gwargwadon abin da suka buga. Da wannan tsari ne garuruwa irin su Kura suka ciyar da kasuwar Abzinawa da baƙin rawani, kuma shi ne ya samar da cinikin tufafin da ya ba Heinrich Barth mamaki lokacin da ya shiga Kano a 1851.

Babbar riga, wadda Zariya ta yi suna a kanta, ita ce ta fi nuna yadda hannu da yawa suke haɗuwa ba tare da aljihu ya haɗu ba. Mace ce take kaɗa zaren, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya harhaɗa, mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri, ya fitar da aska biyu ko aska takwas, wani ya cika ɗinkin cikin makonni ko watanni, mabugi ya buga. Mai jarin da ya ba da aikin shi ke biyan kowa ladansa, shi ke kai wa dillali, kuma riba ko faɗuwa tasa ce shi kaɗai. Wannan tsari yana da zalunci a cikinsa, domin wanda ya fi daɗewa a kan rigar, wato mai cika ɗinki, yakan tashi da kaso mafi ƙanƙanta. Amma yana da wani alheri da ya sa ya daɗe: babu wanda yake shakkar abin da ya kamata ya samu.

Ba rashin sanin tarayyar jari ne ya kawo haka ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a makarantun zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun yi bayaninta dalla-dalla. Akwai tarayyar dukiya, wadda ake raba ribarta gwargwadon abin da kowa ya zuba. Akwai tarayyar aiki, inda masu sana'a biyu suke haɗa ƙarfinsu su raba abin da suka samu, da sharaɗin aikin ya zama iri ɗaya ko mai kusanci da juna. Akwai kuma ƙiradi, inda wani yake ba da kuɗi wani ya juya su, a yanke kason riba tun farko, rabi ko sulusi, in an yi asara ba da sakaci ba kuma ta faɗa kan mai kuɗin. Fatake da manyan 'yan kasuwa sun yi amfani da waɗannan hanyoyi. Ƙaramin mai sana'a, wanda jarinsa bai wuce kuɗin yadi da zare ba, bai ga dalilin shiga cikinsu ba.

A ɓangaren mata abin ya fi fitowa fili. Matar aure tana sana'a daga cikin gida: kaɗi, saƙar faifai, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, sabulun salo. Yara su kai talla, dillaliya ta zaga gidaje da abin da ya fi tsada. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan girman wannan ciniki da ba a ganin sa a kasuwa. Abin da mace ta samu nata ne, ko mijinta ba shi da iko a kai, har yakan sayi abu a hannunta ya biya. Macen da ba ta haɗa asusu da mijinta ba, da wuya ta haɗa da ƙawarta. Duk da haka ƙawance ya kasance ginshiƙin sana'ar, ta hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce biki, gudummawar da ƙawa take kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, wadda za a mayar mata da ƙari in nata ya zo. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, cike yake da labarin irin wannan ƙawance. Ɗayar ita ce adashi. Kowa tana zubi a hannun uwar adashi, a juma'a ko ranar kasuwa, ana kwasa bi da bi. Hikimar adashi ita ce yana tara kuɗin mutum goma ya zama jarin mutum ɗaya, ba tare da goman sun zama masu sana'ar ba. Wadda ta kwasa ita ke sayen kayanta, ita ke cin ribarta, abin da ake bin ta kawai shi ne zubi na gaba.

Zuwan jirgin ƙasa ya canza masu saye kafin ya canza masu yi. Layin dogo daga Baro ya kai Kano a 1911, kuma Rigachikun tasha ce a kansa. Daga nan aka yanki hanya zuwa Naraguta domin jigilar kuza, kafin ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos a 1914. A 1917 aka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Sojoji da ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa suka cika sabon garin, mutane masu albashi waɗanda ba sa noma kuma ba sa ɗinka wa kansu. Garuruwan da ke bakin hanya suka sami kasuwar tabarmi da tukwane da huluna da kayan fata. A lokaci guda yadin kanti ya riƙa cin kasuwar masaƙan gargajiya, kuma buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, da waɗanda suka biyo bayanta, ya ƙarasa aikin. Saƙa ta ja baya, ɗinki ya bunƙasa.

Keken ɗinki ne ya fara tilasta wa abokai wani sabon lissafi, domin yana da tsada kuma yana buƙatar shago. Tela biyu ko uku sukan kama shago ɗaya, kowa da kekensa da kwastomominsa, su raba kuɗin haya, daga baya kuɗin wuta da man janareta. Har yanzu haka yawancin shagunan ɗinki suke a Rigachikun da Kawo da Mando. Tsohon zaman zaure ne aka ƙara masa kuɗin haya.

Asusu ɗaya ya shigo ne ta hannun hukuma. An kafa dokar ƙungiyoyin gama-kai ta Nijeriya a 1935, Jihar Arewa ta yi tata a 1956, amma waɗannan sun fi shafar manoman gyaɗa da auduga. Masu sana'ar hannu, musamman mata, sun shiga sosai ne bayan 1987, lokacin da Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, sannan shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha ya biyo baya a 1994. An buɗe cibiyoyin koyon saƙa da rini da haɗa sabulu da man shafawa, aka kuma ce sai an kafa ƙungiya za a ba da rance. An koyi sana'o'in, kuma sun zauna. Ƙungiyoyin da aka kafa don karɓar rance kuwa, da yawa sun watse da zarar an raba kuɗin, domin babu abin da ya haɗa membobinsu sai takardar rajista.

Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda aiki ya haɗa. A Maraban Jos, arewa kaɗan da Rigachikun, an kafa Maraba Pottery a shekarun 1980. Danlami Aliyu, wanda ya koyi ginin tukwane na zamani a cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta yi suna, shi ne ya kafa wurin tare da malaminsa kuma amininsa Michael O'Brien. Tukwane masu sheƙi ba sa yiwuwa ga mutum ɗaya: ana buƙatar babban murhun gashi, da itace mai yawa, da masu jiran wuta dare da rana, saboda haka dole a yi tarayya. A birnin Zariya kuma, bayan mata sun shiga ɗinkin manyan riguna wanda a da aikin maza ne, wasu daga cikinsu sun kafa ƙungiyar Queen Amina Embroidery a 1994. Sun ɗauki zanen babbar riga suka mayar da shi kan rigunan mata da kayan adon ɗaki, suka sami masu saye har a Amurka. Kowace mace tana ɗinki a ɗakinta ana biyan ta kan abin da ta ɗinka. Abin da ƙungiya ta riƙe shi ne sayen yadi, da duba ingancin aiki, da neman kasuwa, wato ainihin abubuwan da mace ɗaya a cikin gida ba za ta iya ba.

Bikin baje koli na duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, take shiryawa a filinta na Rigachikun, wanda aka yi karo na 45 a 2024, ya haifar da wata tarayya ta ɗan lokaci. Kuɗin rumfa ya fi ƙarfin mai humra ko mai jakunkuna ita kaɗai, sai ƙawaye uku ko huɗu su haɗa su kama ɗaya, su riƙa karɓar juna a tsaro, kowace da kayanta da littafinta. In an tashi daga baje koli tarayyar ta ƙare, sai baɗi.

Wayar hannu, wadda ta shigo a 2001, da WhatsApp da Instagram da suka biyo baya, sun karɓi wani ɓangare na aikin 'yar talla da dillaliya. A yau ƙawayen da suka gama makaranta tare sukan haɗa jari su yi turaren wuta, ko sabulun ruwa, ko takalma da jakunkuna, ko zannuwan gado. Ɗaya ta iya haɗawa, ɗaya ta iya ɗaukar hoto da amsa saƙo, ɗaya tana da ɗan'uwa da ke sayo kaya daga Kantin Kwari ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Mai saye ya tura kuɗi ta waya, a ba direba kaya a tashar Kawo. Wannan ita ce cikakkiyar tarayyar jari da aiki a wuri ɗaya, kuma a nan ne saɓani ya fi yawa. Wadda ta kawo kuɗi tana ganin ita ce mai sana'a, wadda ta kwana tana aiki tana ganin ba a ƙirga wahalarta ba. Ana ba dangi bashi saboda kunya, ana taɓa kuɗin sana'a a yi cefane da niyyar mayarwa, aure yana ɗauke ɗaya zuwa wani gari ba a taɓa maganar yadda za ta cire kasonta ba. Tashin farashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsananta abin, domin ana iya sayar da kaya duka a ga kamar an ci riba, a je sari a tarar kuɗin ba su kai na kayan da aka sayar ba.

Dokar kamfanoni ta ba abokai damar yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, abin da ke buɗe musu hanyar asusun banki da sunan sana'a maimakon sunan ɗaya daga cikinsu. Kaɗan ne suke yi. In rigima ta tashi, ana fara kai ta gaban iyaye ko mazaje, daga nan mai unguwa ko liman, sai ta gagara ake zuwa kotun shari'a. A can alƙali yakan nemi sanin nawa kowa ya zuba, a kan wane kaso aka yi yarjejeniya, da waɗanda suka shaida, kuma ɓangaren da ya zo da rubutu ko shaidu shi ne yakan tashi da haƙƙinsa.