Yadda Gem Ya Bar Falo Ya Koma Shago: Tarihin Wasan Bidiyo a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Na'urar wasan bidiyo, wadda yaran Kano ke kira gem, an ƙera ta ne domin falon gida: iyali ɗaya, talabijin ɗaya, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa. A unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni, irin su Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa, Daurawa, Babban Giji da Unguwa Uku, rayuwarta ta ɗauki wata hanya dabam. Mafi yawan waɗanda suka iya buga gem a wannan yanki a shago suka koya, a kan benci, da kuɗin da suka tara daga na tara ko na barka da Sallah. Wannan tsari na biyan kuɗi a kan kowane wasa shi ya zaɓi irin wasannin da suka samu gindin zama. Ƙwallon ƙafa ya zama sarki, tseren mota da babur ya biyo baya, wasannin kwaikwayon rayuwa kuwa da ƙyar suka samu wurin tsuguno.

Asalin na'urar daga Amurka da Japan ne. Kamfanin Atari ya fitar da Pong a 1972, wasan da bai wuce sanduna biyu suna mayar wa juna ƙwallo ba, sannan ya fitar da Atari 2600 a 1977. A 1983 Nintendo ya fitar da Famicom a Japan. Shekara uku bayan haka gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada. Saboda haka na'urorin asali da suka shigo Kano a shekarun 1980 ba su wuce gidajen manyan ma'aikata da attajirai ba, galibi tsarabar tafiya ce daga Ingila ko daga Jidda. Abin da ya kai gem ga ɗan talaka shi ne kwaikwayon Famicom da masana'antun Taiwan da Sin suka riƙa yi a kan araha, wanda ya cika kasuwanni a shekarun 1990, ciki har da layukan kayan lantarki na Sabon Gari.

Duk wanda ya taso a wancan zamani ya san kamannin wannan na'ura. Roba ce marar nauyi, da hannu biyu masu igiya, da bindigar roba ta harbin agwagi, da kaset mai launin ruwan ɗorawa wanda aka rubuta masa cewa yana ɗauke da dubban wasanni, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Ana cire wayar eriya a bayan talabijin a soka ta gem, a yi ta murɗa tasha har hoto ya fito. Idan kaset ya ƙi kamawa sai a zare shi a hura masa iska a mayar. Adafta kuwa kan yi zafi har ta gagari taɓawa. A cikin wasannin akwai Super Mario Bros., da Battle City wanda kowa ya fi sani da tanka, da Soccer da Tennis, da Excitebike na tsallen babur, da Road Fighter inda ƙaramar jar mota ke kauce wa sauran motoci kafin mai ya ƙare. Iyaye da yawa sun yi imanin cewa gem na lalata talabijin, don haka lokacin bugawa shi ne bayan maigida ya fita, a kuma tattara komai kafin a ji ƙarar motarsa ko babur ɗinsa a ƙofar gida.

Ƙwallo ya fara rinjaye ne a tsakiyar shekarun 1990, kuma abubuwa biyu suka haɗu. Kamfanin EA ya fitar da FIFA International Soccer a 1993 a kan Sega Mega Drive, Konami ya biyo da International Superstar Soccer a 1994. A daidai lokacin ne Super Eagles suka ci Kofin Afirka a Tunisiya, suka je Kofin Duniya karo na farko a Amurka a 1994, sannan Najeriya ta ciwo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Yaron da ya kalli Rashidi Yekini da Daniel Amokachi a talabijin yana son ya riƙe su da hannunsa.

Sony ya fitar da PlayStation a Japan a Disambar 1994, kuma ita ce ta haifar da shagon gem kamar yadda aka san shi. Wasanninta a faifan sidi suke, faifai kuwa ana iya kwafarsa. Da masu gyara suka iya dasa wa na'urar wani ɗan ƙaramin cif mai sa ta karanta kwafi, sai farashin wasa ya sauko ƙasa warwas. Faya-fayai suka riƙa kwararowa daga kasuwar Alaba ta Legas da kuma hannun 'yan kasuwar Dubai. Ita kanta na'urar ta fi ƙarfin aljihun yawancin gidaje, amma ba ta fi ƙarfin saurayin da ya sami ɗan jari ba, musamman in ta hannu ce. Sai ya kama shago a jikin wani gida ko ya roƙi soro, ya jera talabijin biyu ko uku a kan tebur, ya sa benci, ya rataya labule a ƙofa don hasken rana kada ya kashe hoto. Unguwa kamar Gyaɗi-Gyaɗi, mai cunkoson gidaje da makarantu a gefen titin Zariya, ba ta rasa yaran da za su cika bencin.

Sana'ar tana da ƙananan dabarunta. Na'urar da aka yi wa kasuwar Japan ko Amurka wuta mai ƙarfin 100 zuwa 120 take sha, ta Najeriya kuwa ta haura 220, don haka wanda ya jona ta ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba ya yi asara nan take. Tsarin hoton ƙasashen biyu ma ya bambanta da na talabijin ɗin Najeriya, shi ya sa wani lokaci wasa kan fito baƙi da fari. Idan idon na'urar ya fara gajiya, masu shago kan jingine ta a tsaye ko su kifa ta domin ta karanta faifai.

Dokokin shago ba a rubuce suke ba, amma kowa ya san su. Mai shago ne ke saita tsawon wasa, yawanci minti biyar ko goma, kuma ba a taɓa masa saiti. Akwai tsarin kowa ya biya nasa, akwai na wanda aka ci ya biya, wanda ke ba gwani damar wuni a zaune bai kashe ko sisi ba, akwai kuma na wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Idan an tashi canjaras a tafi bugun fanareti. Masu kallo kullum sun fi masu bugawa yawa, kuma su ne ke ba da shawara, su yi alƙalanci, su yi wa wanda aka lallasa ihu har bakin titi. Ƙwallo ya dace da wannan tsari ta kowace fuska: mutum biyu ne, lokaci ƙayyadadde ne, akwai mai nasara, kuma ba sai an iya karatu ba.

Wasan da ya mamaye wannan zamani shi ne Winning Eleven na Konami, wanda ya fara fita a 1995. Kwafin da ya fi yawo na Japan ne, rubutunsa da Japananci, mai sharhinsa Jon Kabira yana kwarara ihu da harshen da babu mai ji a shagon. Yara suka haddace matsayin kowane layi ba tare da sun karanta shi ba: sauka biyu ka danna, ka shiga zaɓen ƙasa. Najeriya tana da farin jini na musamman a cikinsa saboda Tijjani Babangida, ɗan Kaduna mai buga wa Ajax a lokacin, wanda wasan ya ba shi gudu a matakin ƙoli. Dabara ɗaya ce, a zura masa ƙwallo ta gefen dama a danne maɓallin gudu. Da ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka na 2000, gasar da filin wasa na Sani Abacha a Kano ya karɓi wasu wasanninta, sai ya zama abin da ake yi a gem ya tabbata a fili. Masu ɗaukar Barazil su ma suna da tasu dabarar, wato ɗauko Roberto Carlos daga baya a mayar da shi ɗan gaba saboda gudu da ƙarfin bugu.

PlayStation 2 ta fito a 2000, ta sayu fiye da miliyan 150 a duniya, kuma ita ce ta fi kowace na'ura daɗewa a shagunan Kano. Zamaninta ya zo daidai da bunƙasar gidajen kallon ƙwallo. Komawar Nwankwo Kanu Arsenal a 1999, da zuwan Jay-Jay Okocha Bolton a 2002, da na Mikel Obi Chelsea a 2006, sun raba samari gida-gida, kuma gardamar da aka fara a gidan kallo ranar Asabar a shagon gem ake ƙarasa ta. A Pro Evolution Soccer 6 na Konami na 2006, Inter Milan ta zama abin rigima saboda ƙafar hagun Adriano, har a wasu wuraren ake yarjejeniyar cewa babu mai ɗaukarta. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta kuma ci gasar lig ta ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ba ta cikin waɗannan wasanni a hukumance. Masoyanta da kansu suke zama su gina ta a sashen gyaran ƙungiya, su rubuta sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, su adana a katin ajiya. Abin takaici ne a ce birnin da ya zuba wannan lokaci da kuɗi a wasan bai taɓa ganin ƙungiyarsa a ciki ba sai da gumin hannunsa.

Tsere ya samu matsayi na biyu. Road Rash na 1991, inda mahaya babur ke dukan juna suna gudu, ya yi farin jini tun zamanin Sega. Crash Team Racing na 1999 ya karɓu wajen ƙanana domin ana raba allon talabijin mutum biyu su fafata, kuma zagaye uku ya ƙare. Need for Speed: Underground na 2003 da Most Wanted na 2005 sun ja samari da gyaran mota da tseren 'yan sanda. Gran Turismo kuwa, wanda ya fito a 1997, duk da ingancinsa bai dace da shago ba, domin sai an ci jarrabawar lasisi an tara kuɗi a hankali kafin a kai ga manyan motoci.

Wannan matsala ce ta fi taɓa wasannin kwaikwayon rayuwa. Harvest Moon na 1996 noma ne da kiwo da neman aure, The Sims, wanda ya fito a kwamfuta a 2000 ya shigo PlayStation 2 a 2003, gina gida ne da tafiyar da iyali, Animal Crossing na 2001 kuma zaman ƙauye ne da hulɗa da maƙwabta. Galibi mutum ɗaya ke bugawa, suna cin makonni, suna buƙatar katin ajiya na kai da karatun Turanci mai yawa, ba su da ci ba su da canjaras. Mai shago ba shi da ma'aunin da zai saka musu kuɗi, mai kallo kuma ba shi da abin yi wa ihu. Inda suka ɗan rayu shi ne gidajen da ke da na'urar kansu, nan ne kuma 'yan mata, waɗanda al'ada ba ta ba su damar zaman shago ba, suka samu rabonsu. Abin da ya fi kusa da su a shago shi ne Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, wanda a cikinsa ake cin abinci, a yi aski, a sayi kaya, a tuƙa mota, kuma a kan lokaci ake biyansa. Sai dai tashin hankalin da ke cikinsa ya ƙara wa iyaye hujja.

Ƙorafin iyaye da malamai bai canza ba tun farko: gudun makarantar boko da Islamiyya, wasa da lokacin salla, ɗauke canjin aike, da cuɗanya da waɗanda suka girme wa yaro. Inda aka fara sa kuɗi a kan sakamakon wasa kuwa, abin ya zama caca, kuma a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 ta kafa Hukumar Hisba a 2003, wannan ba ƙaramin zargi ba ne. Shagunan da suka zauna lafiya da unguwa su ne waɗanda ke kashe talabijin idan an kira salla, suke kuma korar mai kayan makaranta.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Sunan hukumar wutar ya tashi daga NEPA zuwa PHCN a 2005, rabon wutar Kano ya koma hannun KEDCO a 2013, amma ƙaramin janareto bai bar ƙofar shago ba. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, sai gardama ta tashi a kan ko ci nawa ake da kuma wanda zai biya. Kuɗin fetur na cikin kuɗin kowane wasa, shi ya sa cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya taɓa sana'ar kai tsaye, masu hali suka koma sola da batir.

PlayStation 3 ta zo a 2006, ta 4 a 2013, ta 5 a 2020, kuma a wannan tsakani FIFA ya ƙwace kambu daga hannun Konami, kafin ya koma EA Sports FC a 2023. Faifai ya ba da wuri ga wasannin da ake lodawa a cikin na'ura. Babban sauyi kuwa daga aljihu ya fito. Tun shigowar wayar salula a 2001, da yaɗuwar wayoyin Android daga baya, kasuwar waya ta Farm Centre da ke cikin Tarauni ta zama inda matasa ke sayen abin da zai ba su Dream League Soccer da eFootball ba tare da biyan kowa ba. Wasannin gona da na gina gida, waɗanda shago ya ƙi, a wayar suka samu masu bugawa, mata da maza. Shagon gem bai mutu ba duk da haka. Sabuwar na'ura ta fi ƙarfin yawancin gidaje kamar yadda ta farko ta fi, don haka masu jari suka koma manyan talabijin na bango da kujeru da fanka, ƙananan shagunan lungu kuma har yanzu suna aiki da PlayStation 2 da 3 na hannu.